Kukan Fanka a Sakkwato

Daga Disamba zuwa Fabrairu fankokin Sakkwato hutu suke yi, ƙurar hunturu tana sauka a fukafukansu, tana kutsawa cikin boris. Da Maris ya kama, zafi ya doshi digiri 40, sai a kunna su a ji kuka. A ganina wannan kukan bayani ne, kuma ya kamata a saurare shi kafin a ɗauko sukudireba, domin kowace cuta da muryarta. Ƙarar da ke zuwa sau ɗaya a kowane juyi galibi noti ne ya saki, ko fiffike ya lanƙwashe. Siririn kuka mai tsinin da ba ya yankewa na boris ne da giris ɗinsa ya bushe. In kuwa gurnani fankar take yi, ba ta tashi sai an tura ta da sanda, kafasita ce ta gaji, ƙaramar aba mai araha.

Wani zai ce tun da tana ba da iska, a ƙyale ta. Amma busasshen boris yana wahalar da injin, ya ɗau zafi har kwayil ya ƙone, gyaran ya koma naɗin sabuwar waya, watakila a tsakiyar Afrilu. Wani kuma ya ɗiga mata man gyaɗa. Tana yin shiru, gaskiya ne, sai dai man yana daskarewa da ƙura ya zama danƙo. Shi ya sa nake ganin girman mai gyaran da ke kashe rediyonsa, ya juya fukafukan da yatsa, ya kasa kunne kafin ya faɗi kuɗi.