Kwalba uku kafin na lura da yatsun Hajiya

Sau uku na sayar wa Hajiya maganin tari a kantinmu da ke Kubwa. A zuwanta na huɗu ne, tana miƙo kuɗi, na ga kan yatsunta ya kumbura, faratan sun lanƙwashe kamar bayan cokali. Gabana ya faɗi.

"Hajiya, tun yaushe tarin nan?"

"Tun damina, 'yar nan. Ƙurar hunturu ce ta ƙara shi."

Muna cikin Janairu ke nan. Da na ci gaba da tambaya, ta ce zanenta ya daina zama a ƙugu, hawa bene na sa ta haki, kuma sau biyu ta ga jini-jini a kakinta. Tambayoyin da ya kamata in yi tun kwalbar farko, amma layi ya yi tsawo, ni kuma na ɗauka mura ce.

Na hana ta maganin, na ce 'yarta ta kai ta asibiti. Zargin farko tarin fuka ne, kuma daidai ne, domin ya yi yawa a ƙasar nan. Gwajin kaki na GeneXpert bai nuna komai ba. Hoton ƙirji ya nuna tabo, aka yi hoton siti-sikan, aka ɗebi ɗan nama aka auna. Sankarar huhu ce, nau'in da likitoci ke kira adinokasinoma.

'Yarta ta ce mini, "Anti, Mama fa ko warin taba ba ta so." A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Taba ce kan gaba wajen jawo sankarar huhu, amma wannan nau'in shi aka fi samu a jikin waɗanda ba su taɓa shan ta ba, musamman mata. Shaƙar hayaƙin tabar wani, hayaƙin girki a ɗaki marar iska da gurɓatacciyar iskar gari duk suna ƙara haɗarin. Hajiya ta fi shekara 20 tana girkin biki da itace.

Yakan fara ne a gefen huhu, nesa da manyan hanyoyin iska, shi ya sa yake daɗewa bai yi motsi ba. Wani sai ruwa ya taru a ƙirjinsa, wani dushewar murya ce ko ciwon kafaɗa da baya, wani kuwa nimoniya ce ke ta dawowa bayan an sha magani.

Yanzu duk wanda ya ce mini tarinsa ya wuce mako 3, ba na ɗauko kwalba, asibiti nake tura shi. In an ce ba fuka ba ce kuma tarin bai tafi ba, a koma a nemi hoto.

Hajiya na karɓar magani a Asibitin Ƙasa na Abuja. Jiya 'yarta ta zo sayen maganin amai, ta ce ta fara shan kunu.