Fatauci a Wata Duniya, da Abin da Jikokin Fatake Suka Gani a Ciki



Yaranmu sun shagaltu da wasu labarai na zane daga Japan, waɗanda ake kira manga, suna karanta su a waya dare da rana. Akwai wani reshe nasu mai suna isekai, ma'anarsa wata duniya: mutumin wannan zamani ya mutu ko a sace shi, sai ya farka a ƙasar sarakuna da takubba da tsafi. Mun san ƙage ne, kuma abin da ke bayan mutuwa malamai sun riga sun karantar da mu shi, don haka ba a nan za mu tsaya ba. Abin da ya ja hankalinmu shi ne wasu daga cikin waɗannan baƙi, da zarar sun sauka, kasuwa suke nufa. Mu kuwa da fatauci ya kawo kakanninmu Gwanja da Kumasi, muna da ta cewa a kan kasuwa.

A labarai da dama akwai ƙungiyar 'yan kasuwa mai babban ofishi. Baƙo ya shiga, ya biya kuɗi kaɗan, a miƙa masa kati, shi ke nan ya zama ɗan kasuwa. A labarin Mukoda, wanda Ren Eguchi ya rubuta, mutumin yana sayen gishiri da masoro da sabulu daga kantin Japan ta hanyar wata baiwa, ya sayar da tsada a can. Labari ne mai daɗi, amma babu fatauci a cikinsa. Babu hanya, babu jaki, babu kuɗin fito a bakin kogi, kaya ba ya lalacewa. An cire wahala an bar riba, alhali wahalar ce take haifar da ribar.

A tuna yadda goro yake zuwa Kano a ƙarni na 19. Ayari ya tashi da kanwa da tufafi da fatu, har da bayi, wannan ma gaskiya ce da bai kamata a ɓoye ba. Madugu ne a kai, jagaba yana gaba, ana wata da watanni kafin a iso Salga. A dawowa kuma goro ba ya haƙuri da sakaci: sai an naɗe shi da ganye, ana yayyafa ruwa, ana kwance huhu ana tsince mai sankara kada ya ɓata sauran. Kowane sarki a hanya yana da nasa rabo. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sun riƙe wannan sana'a ne da zumunta da auratayya da sanin juna, kuma baƙon da ba a san asalinsa ba ba ya samun shiga haka kawai. Yaƙin basasar Salga na 1892 ya tarwatsa kasuwar, jama'a suka watsu zuwa Kete-Krachi da wasu garuruwa, cikinsu har da Alhaji Umaru, malamin da ya rasu a can a 1934. Yaƙi ɗaya ya isa ya mayar da babbar kasuwa kufai.

Sai dai ba duka marubutan ne suka yi ha'inci ba. Miya Kazuki, a labarinta na yarinya Myne wanda ta fara a 2013, ta fahimci cewa ƙungiyar sana'a ƙofa ce da ake rufewa. Yarinyar ta iya yin takarda daga itace, amma iyawar ba ta wadatar ba. Sai da attajiri Benno ya tsaya mata, shugaban ƙungiya ya ja musu rai kafin ya yi rajista, masu yin takardar fata kuma suka taso saboda an taɓa abincinsu. Wanda ya taɓa ganin abin da ke faruwa idan sabon dillali ya shiga kara ba tare da maigida ba, zai gane wannan nan take.

Wanda ya fi burge mu shi ne Spice and Wolf na Isuna Hasekura, na 2006, ko da yake ba labarin zuwa wata duniya ba ne. Falke Lawrence ya ɗauki sulke bashi fiye da jarinsa, ya isa gari ya tarar an fasa yaƙin da ake shiri, farashi ya faɗi. Aka ba shi 'yan kwanaki ya biya. Ya bi gida gida yana roƙon abokan hulɗa, ana rufe masa ƙofa. A nan marubucin ya taɓa jijiyar sana'ar. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma falke da sunansa yake ci. A zangunanmu fatoma shi ne yake saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya nemo mai saye, ya tsaya lamuni. Idan mai saye ya gudu, shi zai biya daga aljihunsa, don in bai biya ba gobe babu wanda zai sauka gidansa. La'adarsa kuɗin wannan kasada ce.

Har yau mafi yawan ƙararrakin da ke zuwa zauren mai unguwa na bashi ne: an ba yaro kaya ya kai Tamale, kuɗi bai dawo ba, babu takarda, babu shaida. Babin ciniki na Risala ya yi bayanin riba da garari da ƙiradi tun fiye da shekara dubu, ayar bashi a Suratul Baƙara kuma ta ce a rubuta. Yaron da ya san dokokin ƙungiyar 'yan kasuwa ta ƙage dalla-dalla, sau da yawa bai san sunan garin da kakansa ya fito ba, balle abin da ya ɗauko a kan jaki.

Ba mu ce a ƙwace musu waya ba. Mun fara tambayarsu ne: wannan gishirin na Mukoda, wa ya ɗauko shi, nawa aka biya a hanya, wa zai yi asara in ruwa ya dake shi? Wasu dariya suke yi. Wasu kuma sun koma gida sun tambayi tsofaffi, ɗaya har ya dawo mana da labarin cewa a ɗakin kakarsa akwai tsohon buhun wuri da ba a taɓa kwancewa ba.