Wasiƙa Daga Ottawa: Injin Ɗumama Gida

Yaya,

Ina fatan kana lafiya, da Umma da yara da mutanen shago. Mu ma lafiya ƙalau, sai sanyi.

Ka tambaye ni abin da ya hana ni yanke shawara kan injin ɗumama gida. Tunda gyaran esi ne sana'arka, kai za ka fi kowa gane bayanin. Murhun gas ɗin da muka tarar a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya tsufa, abin da ake sawa yanzu kuwa injin jawo zafi ne. Esi ne irin naka, da kwamfaresa da gas da fanka, sai dai yana da bawul mai juya tafiyar gas ɗin. Da bazara ya kwashe zafin ɗaki ya fitar, da hunturu ya tsamo ɗan ɗumin da ke cikin iskar waje ya shigo da shi. Tunda ɗauko zafin yake yi, zafin da yake bayarwa kan kai ninki uku na wutar da ya ci, muddin sanyi bai tsananta ba. Gidan yana da bututun iska da ke bi ta ƙarƙashin daɓe zuwa kowane ɗaki, don haka mai bututu za mu sa.

A Janairu sanyin garin nan yakan kai digiri 25 ƙasa da sifili, sai an nemi injin da aka ƙera don irin wannan ƙasa, kamar Zuba na Mitsubishi, wanda ke aiki har zuwa 30 ƙasa da sifili. Wanda zai haɗa mana injin ya auna tagogi da bango ɗaki ɗaki, sannan ya duƙa ya leƙa bututun da tocila. Iskar injin ba ta kai ta murhu zafi ba, sai an hura ta da yawa, idan kuwa bututu ya yi ƙanƙanta, fito zai dinga yi dare da rana.

Inda na tsaya shi ne ɗan akwatin bango mai ba injin umarni, wato tamostat. Fitilunmu da makullin ƙofa duk a waya nake sarrafa su, ta manhajar Home Assistant, kuma ina so ɗumin gida ya shiga cikinsu. To, injinan zamani masu inbata ba kunnawa da kashewa kawai suke yi ba, kwamfaresan yakan rage gudu ko ya ƙara gwargwadon buƙata, kuma nan ne tsimin wutar yake. Amma yawancinsu da akwatin kamfaninsu kaɗai suke fahimtar juna sosai. Idan ka ɗaura masu Nest na Google, ko Ecobee da kamfaninsa ke Toronto, umarnin da zai tafi ta wayoyin bolt 24 bai wuce "kunna" da "kashe" ba. Ka biya kuɗin inji mai wayo, ka ɗaure masa hannu. A 2022 an fito da tsarin Matter don kayan gida su ji maganar juna, amma dole ka tambayi kowane inji da kansa ko ya shiga.

Akwai kuma tarkon da yake damuna. Tun 2023 lardin Ontario yana da farashin wuta mai arha daga 11 na dare zuwa 7 na safe, wanda zai amfane mu idan manhaja ta ɗumama gidan da asuba. Amma wanda ya saba da murhu yakan rage ɗumi sosai da dare, ya ɗaga da safe lokaci guda. Injin yana ganin tazarar sai ya tayar da hitar lantarki ta ko-ta-kwana, ita kuwa cin wutarta ba tausayi.

Na zaɓi in bar injin da akwatin kamfaninsa, manhajata ta riƙa duba ma'auni tana ɗaga digiri ɗaya ko biyu. Sharaɗin da ba zan sassauta ba shi ne in intanet ya ɗauke, ɗumi kada ya ɗauke, domin a nan bututun ruwa yakan daskare ya fashe, ga kuma yara a gida.

Zan turo maka hoton allon wayoyin idan an buɗe, ka duba min haɗin. A gaishe da Umma, a ce ta sa mu a addu'a.

Ƙaninka