Sabon Garin Da Ya Tsufa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka sam mini ɗan fili in ba 'yan'uwa masu karatu labarin wata tafiya da na yi zuwa Gusau, da abin da ya kai ni, da dalilin da ya sa na komo ban yi shi ba.

Ni Kirista ne, malamin makaranta a Zariya, amma a Sabon Garin Gusau aka yanke mini cibiya. Da mahaifinmu ya rasu ya bar mana gida mai ɗaki huɗu a can. Ƙannena suka taru suka ce a sayar, gama a ganinsu Zamfara ba wurin zaman Kirista ba ne yanzu. Da yake ni ne babba, ni aka ɗora wa. Na sa takardun gida a jaka, na shiga mota.

Daga Funtuwa muka bi ta 'Yankara muka faɗa ƙasar Tsafe. Duk wanda ya san hanyar nan ya san yadda hira ke mutuwa a mota in an kawo nan, saboda 'yan bindiga. Kusa da ni wani dattijo yana jan carbi. A bayana wata mata 'yar ƙabilar Ibo tana jan nata irin na Katolika. Direba ya waiwayo ya ce, "Kowa ya roƙa mana, ba mu san bakin wa za a karɓa ba." Da haka muka wuce Tsafe, garin da sarautarsa ke ɗauke da sunan 'Yandoto, tsohon garin malamai da ake zuwa neman ilmi tun kafin jihadi. Jim kaɗan sai ga dutsen Kwatarkwashi. Muna yara, in mun hango shi mun san an iso gida, kuma ran nan ma haka zuciyata ta faɗa mini, ko da yake sayar da gidan na zo yi.

Malam Sambo Ɗan Ashafa ne ya kafa Gusau a zamanin Shehu Usmanu. Amma Sabon Gari jirgin ƙasa ne ya haife shi. A 1927 jirgi ya iso daga Zariya, a 1929 ya zarce Ƙauran Namoda. Kamfanonin Turawa suka kafa kantuna suna sayen gyaɗa da auduga, sai akawuna da teloli da kafintoci da leburori suka yi ta zuwa, aka keɓe musu unguwa kamar yadda aka yi a Kano da Zariya. Kakana yana cikin leburorin reluwe. Sai ku lura, jama'a, tun asali unguwar ba ta Kirista kaɗai ba ce, da Yarabawa da Nufawa Musulmi aka tare. Daga baya, a cikin shekarun 1950, limaman Katolika 'yan ɗarikar Dominika suka zo daga Amurka suka zauna a Gusau, a 1956 kuma Sistoci suka biyo su suna duba marasa lafiya. Cocinsu ana kiransa Fatima. Sunan wani gari ne a ƙasar Fotugal, amma maƙwabtanmu da suka ji shi ba su ji baƙon suna ba.

Mabuɗin gidanmu yana hannun maƙwabcinmu, wani tsohon malamin allo, wanda katanga ɗaya ta raba mu. Na tarar ya sa almajiransa sun share tsakar gida, ya kuma gyara indararon da damina ta karya, da kuɗinsa. Bayan mun gaisa na ce, "Baba Malam, sayar da gidan na zo yi." Ya yi shiru har na ɗauka bai ji ba. Sa'an nan ya ce, "Ɗana, gida naku ne. Amma bari in gaya maka abin da ba ka sani ba."

Ya tuna mini ran 27 ga Oktoba 1999, da Gwamna Ahmad Sani ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau, da kuma Fabrairun 2000 da wuta ta tashi a Kaduna. Mutane da yawa suka kwashe kaya suka bar unguwa. Mahaifina ma, ashe, ya ɗaure nasa, ya zo sallama da dare. Malam ya ce masa, "In ka tafi, wa zai riƙa karanta mini takardar asibiti? Wa zai yi mini shaida ran aurar da 'ya'yana? Kwance kayanka. Mai taɓa ƙofarka sai ya fara taka tabarmata." Mahaifina ya kwance. Da ya gama ba ni labari sai ya ce, "In ka sayar, ba gini kaɗai ka sayar ba, har da maƙwabci, shi kuwa ba a sa masa kuɗi."

Ba zan ɓoye muku ba, akwai abin kuka. Ran Lahadi bayan sujada dattawan cocinmu suka zayyana mini nasu: wahalar samun fili don gina wurin ibada, da rashin mai koya wa 'ya'yansu addininsu a makaranta, da yadda yaron da aka haifi ubansa a nan yakan sha wuya kafin a ba shi takardar shaidar zama ɗan gari. Ba su kuma manta da Talatar Mafara ba, inda a 2016 aka zargi wani ɗalibi da saɓo, taron mutane suka ƙone gidan wanda ya cece shi, mutum 8 suka halaka.

Kashegari na tafi Bungudu gai da wani abokin mahaifina, manomi a fadamar gulbin Sakkwato. A nan na ji kunya. Gonarsa ta daji ya bar ta, don tsoro. Ya tuna mini 'yan mata 279 na Jangebe da aka sace a 2021, da Sarkin Fulanin Bungudu kansa da aka kama a hanyar Kaduna zuwa Abuja a shekarar, da ɗaliban jami'a da aka kwashe a Sabon Gida a 2023. Mafi yawan waɗanda wannan masifa ta ci Musulmi ne. Na tambayi kaina, sau nawa muka yi musu addu'a a coci da sunan garuruwansu? Mun iya ƙidaya namu, ba mu ƙidaya na maƙwabta. Alhali in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ba lokacin tambayar alƙiblarsa ba ne.

To, ga fatanmu, kuma ba mai tsawo ba ne. Ga 'yan'uwanmu Musulmi, muna roƙo a dube mu da idon ɗan gari. Unguwar da ta doshi shekara ɗari har yanzu ana ce mata sabuwa, mutanenta kuma baƙi. Yaushe baƙo ke zama ɗan gida? Ga 'yan'uwana Kirista, mu daina zama da kaya a ɗaure. Mu je ta'aziyya, mu je suna, mu karɓi naman layya, mu aika da shinkafar Kirsimeti kamar yadda iyayenmu suka yi. Wannan ba sabon abu ba ne. Sarkin Habasha Najjashi, Kirista, ya ba Musulmin farko mafaka da suka yi hijira daga Makka. A 2018 kuma Liman Abubakar Abdullahi na ƙasar Barikin Ladi ya ɓoye Kirista fiye da 200 a masallacinsa da gidansa. Kowane ɓangare ya ci bashin alheri, sai a yi ta biya.

Ban sayar da gidan ba. Na ba wani malamin makaranta haya, na bar ɗaki ɗaya don saukarmu, mabuɗinsa kuwa na mayar wa Baba Malam. Ƙannena sun yi gunaguni, na ce su zo da kansu, gani ya kori ji.

Allah ya ba Zamfara lafiya, ya kiyaye matafiya, ya bar mu da maƙwabtanmu. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Ɗan Sabon Gari,
Zariya.