Daga Madalla Zuwa Gurara: Yinin Iyali A Bakin Ruwa

Wanda ya tashi daga Madalla ya nufi Suleja, Dutsen Zuma ne zai fara yi masa rakiya, dutsen nan da aka buga hotonsa a takardar naira 100 ta 1999. In an wuce Suleja, sai a kama hanyar Minna, a ratse zuwa inda kogin Gurara ke faɗowa daga kan dutse, tsayin kamar mita 30.

Da rani wurin ya fi daɗin zuwa da iyali. Ruwa ya ja baya, ya yi garau, duwatsu sun fito. Mun shimfiɗa tabarma a inuwa, uwargida ta buɗe kwanon dambu da soyayyar kaza, yara suna ta guje-guje a gaɓa.

Amma fa, mai karatu, Gurara na rani daban, na damina daban. In Agusta ta kama, ruwan yakan yi ja wur, ruguginsa ya hana jin magana, duwatsu su yi santsi. Ko da rani ma, gindin mafaɗar ruwan yana da zurfi. Saboda haka a ci, a sha, a yi raha, amma kada idon babba ya bar kan yaro.