Suna a Ƙirji: Katin Shaida da Sirrin Ma'aikaciyar Jinya

A wani babban asibiti a birnin Kano akwai wata ma'aikaciyar jinya da ta yi kusan shekara biyu tana manna guntun filasta a kan katin shaidarta na aiki. Katin yana ɗauke da hotonta da muƙaminta da sunaye uku: na yanka, na mahaifi, da na unguwar da aka haife ta. Filastar tana rufe biyun ƙarshe. Idan ta hango shugabar ma'aikatan jinya tana zagaye da safe sai ta ɓare ta, ta manna a bayan hannu, in ta wuce ta mayar da ita inda take.

Dalilin ya faro ne a wani zagayen aikin dare a ɗakin mata. An kwantar da wata tsohuwa mai ciwon suga wadda miki ya ci mata ƙafa, ɗanta kuwa ba ya fashin zuwa. Kwana goma yana kiranta Sista kamar kowa. Wani dare, ana gab da sallamar masu dubiya, ta sunkuya tana sauya ledar ƙarin ruwa, katin yana lilo a wuyanta, sai ya karanta sunayen nan uku a fili, ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Ashe ke 'yar cikin gari ce." Ta yi murmushin ladabi ta ci gaba da aikinta. Bayan an sallami mahaifiyarsa ya nemo ta a Facebook, ba ta amsa ba. Ya yi ta aiko da saƙo, ta toshe shi. Wata Juma'a da la'asar ya shiga unguwarsu, ya tambayi yaran da ke wasa a bakin masallaci gidan Malam wane, suka yi masa rakiya har ƙofar zaure. Ya tura ɗaya daga cikinsu ya ce ana sallama da ita.

Mahaifinta ne ya fito. Ya saurare shi, ya shaida masa cewa wadda yake nema matar aure ce mai 'ya'ya biyu, baƙon ya ba da haƙuri ya tafi. Amma maganar ba ta tafi da shi ba. Kafin kwana uku ta kai kunnen ƙanwar mijinta, daga nan ta kai ga mijin, wanda tambaya ɗaya ya yi mata: ta ina ya san gidanku? Amsar gaskiya ita ce daga katin da asibiti ya wajabta mata ratayawa, sai dai gaskiya ce irin wadda ba ta yi kama da amsa ba. Sai da ta yi wata guda a gida, manya suka sa baki, kafin aka bar ta ta koma bakin aiki. Ba wanda ya ɗaga mata hannu, ba wanda ya zage ta, don haka babu wani littafin asibiti da abin ya shiga. Duk da haka saura ƙiris a rasa nas mai ƙwarewar shekara takwas, a yankin da mata da yawa ba sa yarda namiji ya duba su, kuma matan da iyaye da mazaje ke bari su yi aikin dare ba su da yawa.

Abin da wanda ya tsara katin bai lura da shi ba shi ne, cikakken sunan Bahaushe sau da yawa kwatancen gida ne. Tun zamanin makarantun Turawa aka riƙa bambance ɗalibai masu suna ɗaya da sunayen garuruwansu, har hakan ya zauna a matsayin sunan ƙarshe. Daga nan ne aka sami Abubakar Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano da Shehu Shagari da Isa Kaita. A birane kuma unguwa ta maye gurbin gari, shi ya sa ake da 'yan Yakasai da Fagge da Gwammaja da Ƙoƙi a rajistar kowace ma'aikata. Idan aka haɗa sunan unguwa da na mahaifi, an gama ba da adireshi, domin a tsohuwar unguwa yara suna sanin kowane magidanci da sunansa, raka baƙo ƙofar gida kuwa tarbiyya ce ake yaba wa yaro a kanta. Wadda ta sauya sunan mahaifi da na miji ma ba ta tsira ba, ta dai sauya ƙofar da za a buga.

Akwai kuma abin da ya fi adireshi zurfi. Hausawa na cewa suna linzami ne, wanda ya riƙe linzami kuwa shi ke juya doki. Al'adar ba ta taɓa ɗaukar suna a matsayin abin da kowa ke da iko da shi daidai wa daida ba. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Mace kan ce Malam ko Maigida ko Baban wane maimakon sunan mijinta. Yaron da ya ci sunan kakansa yakan tashi ana kiransa Abba ko Baffa, yarinyar kuma Ummi ko Walida, har wasu abokan wasansu ba sa sanin sunan yanka sai ranar da aka kira rajista a aji. Ga kuma laƙuban rana, su Ladi da Talatu da Jummai da Asabe, waɗanda kan lulluɓe sunan gaskiya tsawon rayuwa. Alkunya da laƙabi, a taƙaice, tsari ne na tantance wa ya cancanci ya furta wane suna, kuma a wane wuri. Ko a fagen camfi abin haka yake: mai neman a yi wa wani kiranye, suna ake fara tambayarsa. Ba sai mutum ya gaskata da kiranye ba kafin ya fahimci abin da al'ummar ke nufi da wannan tsoro. Katin shaida ya zo ya shafe duk waɗannan matakai. Sunan da surukarta ke sakayawa, ga shi a ƙirjinta da manyan baƙaƙe, duk wanda ya iya karatun boko ya ɗauka.

Muhawara a kan wannan ta fi tsufa a Amurka, inda dokokin jihohi ke fayyace abin da za a rubuta a katin. A Kalifoniya doka ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya nuna sunansa da irin lasisinsa da rubutu mai girman da ba zai yi wuyar karantawa ba, amma ta bai wa asibiti damar ɗauke wannan sharaɗi a sashen masu taɓin hankali saboda tsaron ma'aikaci. A 2020 jihar Pensilbaniya ta gyara dokarta ta ba da damar cire sunan ƙarshe daga katin. Ba a banza aka yi ba. Hukumar ƙididdigar ƙwadago ta ƙasar ta nuna cewa a 2018 kashi 73 cikin 100 na raunukan da aka ji a wuraren aiki sakamakon farmaki, waɗanda ba su kai ga kisa ba, ma'aikatan lafiya ne suka ji su. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta cewa tsakanin kashi 8 zuwa 38 cikin 100 na ma'aikatan lafiya kan gamu da duka ko makamancinsa a wani lokaci na rayuwar aikinsu. A can tsoron shi ne a sa sunan a intanet a gano gida. A nan ma akwai intanet, ga kuma yaran unguwa. Ban da haka, a jihohin da garkuwa da mutane ta zama sana'a, sunan mahaifi yana gaya wa mai kai rahoto ga 'yan bindiga wanda za a kira a nemi kuɗin fansa, da kuma nauyin aljihunsa. Farin kaya bai taɓa zama sulke ba: a Fabrairun 2013 an harbe ma'aikatan rigakafin shan inna tara a Kano.

Sai dai ɗaya ɓangaren yana da hujja mai ƙarfi, kuma rashin adalci ne a yi mata riƙon sakainar kashi. Majinyaci shi ne mai rauni a wannan hulɗa. Yana kwance, wani lokaci ba sutura, an san sunansa da shekarunsa da ciwon da ko 'yan'uwansa bai gaya wa ba. Kate Granger, wata likita 'yar Ingila da ta kamu da ciwon daji, ta lura a 2013 tana kan gadon asibiti cewa ma'aikata da yawa suna zuwa su taɓa jikinta ba tare da sun faɗi ko su wane ne ba. Gangamin da ta fara na neman kowane ma'aikaci ya soma da faɗin sunansa ya bazu a asibitocin ƙasarta kafin rasuwarta a 2016. Duk wanda ya taɓa zaman jinya a asibitin gwamnati a arewa ya san wannan ƙunci ta wata fuskar. An yi wa mace mai naƙuda tsawa, ko an bar jini ya ƙare a leda ba wanda ya leƙo, washegari a je kai ƙara a rasa abin faɗa sai "wata doguwa mai tabarau". Ma'aikaciyar da ba a san sunanta ba, ba a iya kai ƙararta. Kundin haƙƙoƙin majinyata da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018 zai zama takarda kawai idan mai ƙorafi ba ya iya nuna wanda ya ɓata masa.

To amma a lura da abin da kowane ɓangare ke nema. Granger so take a gabatar da kai, wato ma'aikaci ya ba da suna da bakinsa. Mai ƙorafi so yake a iya gano wadda ta yi laifi. Babu ɗaya daga cikin buƙatun nan biyu da ke neman sunan mahaifi ko unguwa. Kowace nas mai lasisi tana da lambar rajista a hukumar da ke kula da ma'aikatan jinya da ungozomomi ta Nijeriya, tana kuma da lambar ma'aikaci a asibitinta, ga jadawalin aiki da ke nuna wadda ke kan aiki a kowane ɗaki da kowace sa'a. Suna ɗaya da muƙami da gajeriyar lamba sun isa a kamo mai laifi, ba su kuma isa a kai baƙo zauren mahaifinta ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta wajabta ɓoye bayanan majinyaci. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta tsaya a kan cewa kada a yi amfani da bayanin mutum fiye da abin da buƙata ta kai. Da wuya a ga hujjar da za ta sa wannan ƙa'ida ta tsaya a kan fayil ɗin da nas ke riƙe da shi, ta ƙi hawa kan katin da ke wuyanta.

Maganin na Amurka ma ba zai shigo yadda yake ba. A can ma wasu ma'aikatan jinya na ƙorafin cewa likita yana nan da laƙabinsa da sunan gidansu, su kuwa an mayar da su masu suna ɗaya kamar yaran shago. A ƙasar Hausa abin ya fi haka ciwo, domin kiran babbar mace da sunanta gatsal raini ne. Katin da ya bar sunan yanka tsirara ya rufe ƙofar gida ke nan ya buɗe ta raini, ya ba ɗan shekara ashirin izinin kiran sa'ar uwarsa kamar ƙanwarsa. Majinyata da kansu sun riga hukuma warware wannan: Sista suke cewa, ko Malama, ko Hajiya. Katin da ya sa laƙabin aiki gaba da suna, da baƙaƙen da suka fi na sunan girma, bai ƙirƙiro komai ba, bin bakin mutane kawai ya yi.

Ita dai nas ɗin nan ta taɓa kai maganar gaban shugabarsu. Ta ce, "Hajiya, da za a bar mana suna ɗaya da lamba, da an rufa mana asiri." Hajiyar, wadda ta kusa ritaya, ta dube ta ta ce, "'Yata, ni ma an taɓa bi na har gida, tun ba a san wayar hannu ba. Amma katin nan daga sama aka buga shi. Ki rubuto, zan sa hannu." Ta rubuta, an sa hannu, takardar ta hau sama. Tun daga ranar Hajiyar ta daina kallon ƙirjinta in tana zagaye, ita kuma ba ta daina ɓare filastar in ta hango ta ba.

Ba kowa take ɓoye wa ba. Tsofaffin da ake kawowa daga cikin gari ba sa karanta kati, tambaya suke yi, domin hankalinsu ba ya kwanciya da hannun da ba su san asalinsa ba. Kwanan baya wata da aka kwantar saboda hawan jini ta riƙe mata hannu bayan awo ta ce, "Yarinya, 'yar gidan wa ce ke?" Ta waiga ta ga ba kowa kusa sai jikar tsohuwar tana barci a tabarma, sannan ta sunkuya ta faɗa mata sunan mahaifinta da na unguwarsu. Tsohuwar ta ce ta san kakarta, tare suka yi makarantar allo. Ta sa mata albarka, ta miƙo ɗaya hannun a ɗaura mata ruwa.