Daga Matamaye zuwa Gidimuni: Sunayen da muka gada

Kowane ɗan Matamaye ya san karin maganar nan, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma in ka tara ƴan ajinku ka tambaye su wa ya taɓa ganin barewa da idonsa a daji, za ka ji shiru. Sunan yana bakinmu, dabbar kuwa ta daɗe da barin gonakinmu. Wannan ne abin da na yi ta juyawa a raina bayan tafiyar da muka yi, mu biyar, a hutun daminar bana.

Cikin watan Ogusta muka tashi, hatsi ya yi tsawo, ƙasa ta yi kore shar. Muka shiga Hiace a tasha, muka bi ta Kance da Takeita, muka kwana Damagaram wajen wani abokin karatunmu. Washegari muka ɗauki babbar hanyar gabas, muka wuce Mirya da garakenta, sai Gidimuni, kamar kilomita 70 daga Damagaram.

Wanda bai taɓa zuwa ba ba zai yarda akwai wuri irin wannan a jiharmu ba. Tuddan rairayi ne ke kewaye, kana gangarawa sai ga itatuwan dabino, sai garake, sai tabki shimfiɗe yana ƙyalli. A shekarar 2019 aka saka shi cikin jerin wuraren Ramsar, wato yarjejeniyar kare tabkuna da fadamu da aka ƙulla a ƙasar Iran a 1971. Ke nan duniya ta san da shi, mu maƙwabta ne ba mu leƙa ba.

A bakin ruwa muka iske wani dattijo masunci yana gyaran koma. Muka gaishe shi, na ce, "Baba, wancan tsuntsun fa, mi sunansa?"

Ya ɗaga kai ya ce, "Wanne daga ciki, ɗana? Ai ba ɗaya ba ne."

Mu a wajenmu duk farin tsuntsu balbela ne, duk mai iyo agwagwa. Shi ko nan take ya rarrabe mana su. Wancan mai dogon wuya da ya tsaya cik kamar an dasa shi, zalɓe ne, kifi yake dako. Waɗancan masu farar fuska da ke tashi garke guda suna fito, kirinjijiya. Babbar can mai duhun baya, dinya. Ya ce shamuwa baƙuwa ce, da damina take zuwa, kaka na yi ta kama hanyar kudu. Ya koma kan kifi, tarwaɗa da karfasa, da gaiwa wadda ke shiga cikin laka ta kwanta in ruwa ya ƙafe, har Allah ya kawo wata damina. Kowane suna da halinsa, da lokacinsa, da inda ake samunsa.

Sai ya ce, "Gauraka kam, yanzu sai an dace. Jikokina sun san sunanta, amma ko ta sauka gabansu ba su gane ta."

Maganar nan ta tsaya mini. A aji ana koya mana cewa harshe na mutuwa in masu shi suka koma wani harshe. Amma akwai wata mutuwar da ba ta da hayaniya: Hausa na nan daram, miliyoyi na magana da ita, sai dai kalma tana zama fanko, ba abin da take nunawa. Dubi jimina. Tana cikin tatsuniya, tana cikin kirari, amma a Nijar ta ƙare a daji, sai a wurin kiwo irin na Kelle, wajen Gure, inda ake ƙoƙarin raya ta. Gandun Termit da Tin Tumma, an kafa shi a 2012 da faɗin kusan murabba'in kilomita 97,000, amma zuwa can sai mota mai ƙarfi da aljihu mai nauyi, ba na ɗalibi ba. A Gadabeji ta jihar Maraɗi ma, raƙuman dawa takwas aka ɗauko a mota daga yankin Kure a 2018, bayan shekaru masu yawa babu ko ɗaya.

Ana iya maido da dabba a mota. Sanin da ke kan dattijon nan fa, wace mota za ta maido shi in ya tafi?

Don haka ƴan uwa, ba sai mun je Termit ba. Kowa na da tabki ko fadama kusa da garinsu, mu ga Korama nan a gefenmu. Kowa na da salula mai ɗaukar murya. In hutu ya zo, ka zauna da kakanka ko wani maharbi ko masunci, ka nuna masa tsuntsu, ka bar shi ya yi magana. Ka rubuta sunan yadda ya faɗe shi, da garin, da watan. In muka haɗa abin da kowa ya samo, ɗan littafinmu na gaba ya samu abin cika shi.